Azurfar Gadarif: Abin da Mai Sikeli Ke Nema da Abin da Mai Tarawa Ke Nema

A ranar 10 ga Disamban 2024, ana tsakiyar kakar dawa, Babban Bankin Sudan ya fara canjin takardun fam 500 da fam 1,000 a jihohin da ke hannun sojan gwamnati, ciki har da Gadarif. Canjin ba na hannu da hannu ba ne. Mutum zai kai tsofaffin takardunsa banki a zuba masa a asusu, sannan a ƙayyade masa abin da zai cira a rana. Ɗan birni mai manhajar banki ta Bankak a waya bai sha wuya sosai ba. Manomin da ke da leburori a gona, waɗanda ba su san wani asusu ba sai kuɗi a tafin hannu, shi ya ji jiki: ga dawa ta nuna, ga kuɗi a rubuce, amma babu na sallamar masu yanka.

Dattijon da ya doshi tamanin a garin Gadarif da fam ɗin Masar ya buɗe ido. A 1957 aka kawo fam ɗin Sudan. A 1992 aka ce dinari, ɗaya a bakin fam goma. A 2007 aka dawo da fam, sabo ɗaya a bakin tsohon dubu. A 2011 da Kudu ta ɓalle aka sake takardu. A Fabrairun 2021 gwamnati ta sauke farashin hukuma daga fam 55 zuwa 375 a kan dalar Amurka ɗaya, shekarar da hauhawar farashi ta wuce kashi 350 cikin ɗari. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ƙarasa sauran: kafin ƙarshen 2024 dala ta haura fam 2,000 a kasuwar bayan fage.

Shi ya sa duk wanda ya sayar da riɗinsa a kasuwar amfanin gona ta Gadarif, tunaninsa na gaba shi ne inda zai sa kuɗin kafin su zagwanye. Amsoshin da aka gada sanannu ne: dabba a garke, dawa a matmura, wato ramin da ake binne hatsi, sai zinariya a hannun uwargida. Azurfa a yau ita ce autar jerin, alhali a wannan kasuwa ta girmi duk wata takardar kuɗi. Ga kuma wata sabuwar magana da wayoyin hannu suka shigo da ita daga Amurka da Turai, ta tara tsabar azurfa masu babban maki da sanduna masu wuyar samu. Ƙarfen ɗaya ne, amma kasuwa biyu ce, kuma wanda bai bambance su ba zai yi asara a dukkansu.

Sarauniyar da ta ƙi mutuwa

Kafin a san garin da sunan Gadarif, fatake Suk Abu Sin suke ce masa, da sunan gidan shugabannin Shukriya. Mahaɗa ce. Hanyar Kasala da Sawakin ta biyo ta nan, hanyar Sinnar ta biyo ta nan, haka ma hanyar Gallabat, garin kan iyaka inda auduga ke shiga Habasha, gahawa da kakin zuma da zinariya su fito. Baturen Ingila Samuel Baker, wanda ya ratsa yankin a 1861 da 1862, ya tarar babban kuɗin da mutane suka yarda da shi guda ne: liyarin Mariya Tereza. Ya kuma tarar Gallabat a hannun Takari, alhazan da suka yada zango suka zauna, yawancinsu daga Darfur da abin da ke yamma da ita.

Shekara goma kafin nan, a 1851, Heinrich Barth ya iske liyari a Kano ana canza shi wuri 2,500. Ke nan kuɗi ɗaya ne ake karɓa daga kasuwar Kurmi ta Kano har bakin Bahar Maliya. Mai niyyar Makka da ƙafa, ta Borno da Wadai da Fashir da Ubayyid, tafiyar da kan ci shekaru, ba zai iya jan buhunan wuri ba, amma liyari yana shiga ɗamara, yana shiga kitson mace. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci masu hijira har bakin Shuɗin Nilu, inda garin Mai Wurno yake a yau. Ayari ya yi ta bin ayari. Noman audugar Jazira daga 1925, jirgin ƙasa da ya iso Gadarif a 1928, da noman injin da aka fara a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, duk sun riƙe Hausawa da Fulani da Barebari da dama a nan. Jikokinsu ne ke noma gaɓar kogunan Rahad da Atbara a yau.

Me ya sa liyari ya samu wannan yarda? Saboda bai taɓa sauya hali ba. Nauyinsa giram 28 da ɗigo kaɗan, kashi 833 cikin dubu azurfa ce, saura tagulla, wato tsantsar azurfar cikinsa giram 23.39. A gefensa akwai rubutu mai tudu, don haka in wani ya kankare bakin za a gani. Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, ta rasu a 1780, amma 'yan kasuwar gabas suka ƙi karɓar kowace fuska sai tata. Gidan buga kuɗi na Gunzburg ya ci gaba da bugawa da shekarar rasuwarta, Biyana ta ɗora. A 1858 ya daina zama kuɗin hukuma a ƙasarsa ta asali, amma da Ingila ta tashi yaƙar Sarki Tewodros na Habasha a 1868, sai da ta nemo liyari daga Biyana kafin ta iya sayen abinci da alfadarai a hanya.

Mutanen wannan yanki ba su karɓarsa da ka. Larabawa suna ce masa abu nukta, saboda ɗigogin lu'ulu'un da ke jikin maɓallin kafaɗar sarauniya da kambinta. Ana duba ɗigogin nan, ana neman haruffan S.F. a ƙasan hoton, ana jefa shi a dutse a saurari amonsa. In ɗigo ya shafe, a ƙi shi ko a rage masa daraja. Italiya ta gwada wannan ido a 1918, ta buga nata kuɗin a Eritiriya da hoton wata mace mai kama da sarauniyar. Kasuwa ta duba ta mayar mata da kayanta. Sai a 1935, lokacin shirin mamaye Habasha, Musolini ya karɓi ainihin hatimin bugu daga Ostiriya. Ingila ta ga ba za ta zauna ba, ita ma ta shiga bugawa a Landan daga 1936, aka buga a Faris da Brasel da Birmingham, sannan a Bombe aka buga miliyoyi a farkon shekarun 1940 don yaƙin korar Italiya daga gabashin Afirka. An ƙiyasta abin da aka buga daga tsakiyar ƙarni na 18 zuwa shekarar 2000 ya kai miliyan 389. Har gobe Biyana tana bugawa, kuma har gobe 1780 take rubutawa.

A nan tarkon yake. Sau da yawa za ka ji wani ya fito da liyarin kakarsa yana cewa ya haura shekara ɗari biyu, ga shaida a jiki, don haka kuɗinsa miliyoyi ne. Dillalin ƙarya ma da wannan lambar yake farauta. Gaskiyar ita ce mafi yawan liyarin da ke hannun mutane a gabashin Sudan da Habasha bugun ƙarshen ƙarni na 19 ne ko na 20, kuma farashinsu bai wuce na azurfar cikinsu da ɗan abin da ba a rasa ba. Lissafin mai sauƙi ne. Ozar da ake auna azurfa da ita giram 31.1 ce, liyari kuwa kashi uku cikin huɗu na oza ne. Ranar da oza take dala 50, liyari yana wajen dala 37 zuwa 38. Akwai bugun farko-farko masu tsada, kuma masana suna gane su ta yawan ɗigogi, da gashin jelar mikiya, da siffar wasu haruffa, har wani ɗan Ostiriya, Walter Hafner, ya jera ire-irensu da lambobi. Amma wannan aikin madubin ƙara girma ne da shekarun gogewa. Masu ɗauke da ƙarin tambarin Najad ko Hijaz kuwa, waɗanda ake yi wa kirari a intanet, masana da yawa suna ganin an ƙirƙiri tambarin ne daga baya don a yaudari masu tarawa.

Riyalin da aka ƙi jiya

Abin da ya fi liyari wuyar samu a duniya, a ƙasar Sudan aka buga shi. Bayan faɗuwar Khartum a 1885, Mahadi ya ba da umarni a buga fam na zinariya da riyali na azurfa, riyalin a kan fasalin majidi, tsabar azurfar Turkawa. Na farkon azurfa ce mai kyau. Da mulki ya koma hannun Halifa Abdullahi a Omdurman, aka fito da riyalin da ke ɗauke da kalmar makbul. Yaƙe-yaƙe suka ci baitulmali, yunwar shekarar 1306 ta Hijira ta yi wa Gadarif da Gallabat mummunar ɓarna, azurfa ta yi ƙaranci. Kowane sabon bugu sai a rage azurfa a ƙara tagulla, har aka kai ga riyalin da kusan tagulla ce zalla aka yi mata wankan azurfa. An tilasta wa 'yan kasuwa karɓa, su kuma suka rama da farashi, suka ɓoye liyari da majidi. Sojojin Halifa da suka yi sansani a wannan yanki, waɗanda suka gwabza da Sarki Yohannes a Gallabat a Maris na 1889, da waɗanda Ahmad Fadil ya jagoranta har faɗan Gadarif na Satumban 1898, a zamanin wannan kuɗi suka rayu.

Yau lamarin ya juye. Riyalin Halifa, wanda mai sikeli ba zai ba ka komai a kansa ba, shi ne gidajen gwanjo na Turai ke bugawa a kundinsu da hoto da bayani. Dalili kuwa shi ne daular ba ta wuce shekara goma sha uku ba, da hannu aka sassaƙa hatimin bugun, kowane iri da kamanninsa, kuma yawancinsu an zubar ko an narke bayan 1898. Haka girshin da Sarkin Darfur Ali Dinar ya buga a Fashir kafin a kashe shi a 1916: siriri ne, bugun ba shi da kyan gani, azurfarsa ba ta taka kara ta karya ba, amma samun mai karantuwa aiki ne. Mai sikeli giram yake saye. Mai tarawa ƙaranci yake saye, da lafiyar tsabar, da labarin da ke bayanta.

Maki, leda da wanka

Tsarin makin da ake ta ambato ɗan Amurka ne. William Sheldon ya tsara shi a 1949, daga 1 zuwa 70. Tsabar da ta sha hannu har ta shafe tana ƙasa, wadda ba ta taɓa shiga kasuwa ba tana farawa daga 60, saba'in kuwa ita ce wadda ko da madubi ba a ga tabo a jikinta. Kamfanin PCGS da aka kafa a 1986 da NGC na 1987 su ne manyan alƙalai. A aika musu tsaba, su tantance, su rufe ta cikin roba mai lamba. A manyan matakai, tazarar maki ɗaya tak tana iya ninka farashi. Dalar azurfar Amurka ta 1794 da aka sayar sama da dala miliyan 10 a 2013, azurfar cikinta ba ta kai oza guda ba.

To amma a tambayi kai: wa zai biya wannan ƙarin a Gadarif? Robar da lambar suna da daraja ne inda akwai masu gwanjo, da inshora, da gidan waya mai aminci, da dubban masu sha'awa da ke takara. Ranar da buƙata ta taso, ciwo ko gudu ko kuɗin iri, wanda za ka kai wa maƙerin fari ne a kasuwa. Zai fasa robar, ya ɗora a sikeli, ya goga a dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya faɗi kuɗin giram. Abin da ka biya saboda maki ya tafi. A ganina, wanda ke neman mafakar dukiyarsa a irin wannan wuri bai kamata ya biya ko sisi saboda maki ba.

Darasi ɗaya dai na masu makin ya cancanci kowa ya riƙe. Hausawa na cewa in kana da kyau ka ƙara da wanka, amma ban da tsohuwar tsaba. Toka, lemun tsami, tsamiya, man goge ƙarfe, duk abin da iyayenmu mata ke sa wa mundaye su yi ƙyalli, a jikin tsaba ɓarna ne. Duhun da shekaru suka sa mata shi ne shaidarta, kuma gogewa tana barin ƙananan zane da masani ke hangowa nan take. Huda ta ko liƙa mata kunne don a rataya shi ma yana fitar da ita daga sahun masu maki. Ba ina cewa a raina liyarin da aka huda ba. Wanda ya yi shekara tamanin a wuyan matan gida ɗaya, ko a adon matan Rashayida na wajen Kasala, yana da tasa darajar a matsayin kayan ado na tarihi, kuma a haka ya fi kyau a bar shi, da zarensa da duwatsunsa.

Sanduna

Maganar sanduna gajeriya ce. Babbar sandar da kasuwar Landan ta amince da ita tana wajen oza 1,000, kimanin kilo 31, tsarkinta 999 cikin dubu. Wannan ta bankuna ce da masana'antu. Waɗanda ake kira masu wuyar samu ƙanana ne, na oza ɗaya, biyar, goma ko ɗari, daga kamfanonin da suka daina yi, irin su Engelhard da ya bari tun shekarun 1980, da Johnson Matthey da ya sayar da matatunsa na zinariya da azurfa a 2015. Ana bin lambar jikinsu da siffar tambarinsu, kuma saboda tsadarsu su ne aka fi yi wa jabu, a zuba tagulla ko darma a shafe da azurfa. Sayen irin wannan daga hoton waya cinikin biri a sama ne. Curin da maƙerin gida ya narka ya zuba kuwa ba shi da shaidar kowa sai ta wanda ya zuba shi. Tsohuwar tsaba ta fi shi, domin nauyinta da faɗinta sanannu ne: liyari giram 28, faɗi wajen santimita huɗu, maganaɗisu ba ya kama shi, amonsa dogo ne. Tagulla ta fi azurfa sauƙin nauyi, don haka jabun da ya cika sikeli sai ya fi kauri. Darma kuwa ba ta da amo.

Kada kuma a ɗauka azurfa ba ta faɗuwa. A Janairun 1980, da 'yan gidan Hunt na Texas suka yi yunƙurin mamaye kasuwar, oza ta kusa dala 50, kafin ƙarshen Maris ta dawo ƙasa da 11. Ta sake leƙa wajen 49 a Afrilun 2011, ta gangaro ta yi shekaru ƙasa da 20. Sai a Oktoban 2025 ta haye 50. Wanda ya saya a ƙololuwar 1980 ya jira shekara arba'in da biyar kafin ya ga lambar da ya biya.

Ga kuma nauyi, wanda mutanen Gadarif suka ga ma'anarsa da idonsu. Da Wad Madani ta faɗi a Disamban 2023, da kuma Sinja a tsakiyar 2024, dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo garin, wasu da ƙafa, bayan sun ratsa shingayen da ake ƙwace waya da kuɗi da kayan ado. A shekarun baya-bayan nan sau da yawa giram ɗaya na zinariya yana daidai da giram 80 na azurfa. Ke nan kilo guda na azurfa bai wuce awarwaro ɗaya na zinariya mai giram 12 ko 13 ba. Ɗaya yana ɓoyuwa a ƙullin zane, ɗayan yana ƙara a cikin jaka. Amfanin azurfa shi ne tana rarrabuwa, kuma talaka yana iya sayenta kaɗan-kaɗan. Ajiyar mazauni ce, ba guzurin mai gudu ba.

Akwai hakkin Allah a ciki. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, wanda malaman zamani da yawa suka ƙaddara da giram 595. In aka bi tsantsar azurfar ciki, liyari 26 sun kai. Da zarar shekara ta zagayo, ɗaya cikin arba'in ya wajaba. A mazhabar Malikiyya kayan adon da mace ke sawa ba a fitar musu da zakka, amma tsabar da aka jibge a akwati ba ado ba ce. Sannan musayar azurfa da azurfa sai nauyi ya yi daidai, kuma hannu da hannu. Mai son ba da liyari uku ya karɓi guda ɗaya mai wuyar samu, ya fara zuwa wajen malaminsa kafin ya je wajen dillali.

Tarin da ya dace da mu

In mutum sha'awar tarawa yake da ita, ba ɓoye dukiya ba, to Bahaushen Gadarif yana zaune a kan abin da ɗan Amurka mai kundin gwanjo ba shi da shi. Hanyar alhazai kaf ana iya jera ta a faranti ɗaya. Sulen Afirka ta Yamma mai hoton kwakwar manja, wanda daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce 925. Dalar Faransa ta faran biyar da aka sani a Damagaram da Maraɗi. Liyari. Girshin Ali Dinar. Makbul na Omdurman. Girshi ashirin na Masar mai hoton Fu'ad ko Faruk, giram 28, wanda ya yi yawo a wannan kasuwa har zuwa 1957. Birr ɗin Menelik mai zaki, wanda aka fara bugawa a Faris a 1894. Sai riyalin azurfa na Sarki Abdul'aziz da alhazai suka riƙa dawowa da shi daga Makka. Ban da na Mahadiyya da na Darfur, yawancinsu ba su fi kuɗin azurfarsu da yawa ba. In aka haɗa kowanne da takardar da ta ce daga gidan wane ya fito, wace kaka ce ta zo da shi, ta wace hanya, an samu abin da babu kamfanin da zai iya ba shi maki.

Abokan gabar wannan tari biyu ne. Na farko wutar maƙera. Duk lokacin da farashi ya tashi ko yunwa ta matsa, tsofaffin tsaba da mundaye suna tafiya a kilo, a narke su a yi zobba. Ba laifin mai sayarwa ba ne, ciki ba ya jiran tarihi. Na biyu ya fi muni. An wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Khartum a wannan yaƙi, haka ma gidan Halifa da ke Omdurman, inda kayan Mahadiyya suke. Gadarif jiha ce ta kan iyaka, kayan da aka sato suna neman hanyar fita. Dokar kare kayan tarihi ta Sudan ta 1999 ta hana fitar da irin waɗannan kaya ba tare da izini ba.

Don haka, mai karatu, in baƙo ya zo maka da riyalin Mahadi sumul kamar yau aka buga shi, ya kasa faɗin gidan da ya fito, kuma yana gaggawar a rabu, kada ka saya, ko nawa ya rage. In kuma naku ne na gado, buƙata ta sa dole a sayar, a ware na Omdurman da na Fashir gefe, a ɗauki hoton gaba da baya, a rubuta sunan mai shi na asali, sannan a kai wa mai sikeli sauran.